Da Me Ake Auna Malami? Darasi Daga Rayuwar Frank Carroll

Na san da zarar mai karatu ya ga cewa a kan wasan zamiyar ƙanƙara zan yi magana a yau, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne, ina ruwan biri da gada? Mu da ƙanƙarar da muka sani ba ta wuce wadda ake sayarwa a leda lokacin azumi ba, sai kuwa wadda kan zubo tare da ruwan farkon damina, me ya haɗa mu da masu rawa a kanta? Tambayar tana kan hanya. To amma ina roƙon a yi mini uzuri, domin mutumin da zan yi magana a kansa malami ne, kuma tambayar da rayuwarsa ta tayar ta shafi duk wanda ya taɓa riƙe alli, ko ya kai ɗansa makaranta, ko aka ba shi amanar horar da na ƙasa da shi a wurin aiki. Tambayar kuwa ita ce: da me ake auna malami?

Sunan mutumin Frank Carroll, Ba'amurke, wanda aka haifa a garin Worcester da ke jihar Masachusets a shekarar 1938, ya kuma rasu a jihar Kalifoniya a watan Yunin 2024 yana da shekara 85 a duniya. Ya shafe sama da shekara 50 yana horar da 'yan wasan zamiya, kuma kusan duk wanda ya san harkar ya yarda cewa yana cikin manyan masu horarwa da aka taɓa yi. Amma abin da ya ja hankalina gare shi shi ne, sai da ya yi shekara 30 cur yana jiran ɗalibinsa ya ci lambar zinare a gasar Olamfik, tun daga ranar da ta fara kuɓuce masa a 1980 har zuwa ranar da ta zo hannu a 2010, lokacin yana da shekara 71.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ana yin wasan ne a kan wani fili na daskararren ruwa mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30. Ɗan wasa kan sa takalmi mai wani siririn ƙarfe a ƙasansa, wanda kaurinsa bai wuce kimanin milimita 4 ba. A kan wannan ƙarfen zai riƙa zamiya yana bin kiɗa, ya jujjuya kamar katantanwa, ya daka tsalle ya juya sau uku ko huɗu a sama, sannan ya dira da baya a kan ƙafa ɗaya. Alƙalai na gefe suna ba da maki a kan wahalar abin da ya yi da kuma kyan yadda ya yi shi. Babban zagayen wasan minti huɗu ne ko ɗoriya kaɗan. Ke nan aikin shekara goma ko fiye a cikin minti huɗu ake yanke masa hukunci, shi kuwa mai horarwa yana tsaye a bakin shinge, ba shi da ikon komai sai kallo. Duk abin da zai ba ɗalibinsa, dole ya riga ya ba shi kafin wannan lokaci.

Ba za a fahimci Carroll ba sai an san malamarsa, Maribel Vinson Owen. Wannan baiwar Allah ta zama zakarar mata ta Amurka har sau tara, ta ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta 1932, kuma ita ce mace ta farko da ta yi aikin rubuta labarin wasanni a jaridar New York Times. An san ta da tsanani wajen koyarwa, amma an kuma san ta da rashin rowar ilimi. A zamanin da ake hana baƙar fata shiga filayen ƙanƙara a Amurka, tana cikin waɗanda suka koya wa wata yarinya baƙar fata mai suna Mabel Fairbanks, wadda daga baya ita ma ta zama shahararriyar mai horarwa. A hannun wannan malama Carroll ya tashi. Shi kansa bai zama wani babban zakara ba, lambobin da ya ci a matakin matasa ya ci su. Bayan ya kammala karatu a kwalejin Holy Cross a 1960 sai ya shiga wata ƙungiya mai suna Ice Follies, masu yawo gari-gari suna nuna wasan ƙanƙara don neman abinci.

Yana cikin wannan yawo ne, a ranar 15 ga Fabrairun 1961, wani jirgin sama na kamfanin Sabena da ya taso daga New York ya faɗi kusa da birnin Birasels na ƙasar Beljiyam. Dukkan mutum 72 da ke ciki suka rasu, har da wani manomi da ke aiki a gonarsa. A cikin jirgin akwai ɗaukacin 'yan wasan zamiya 18 da za su wakilci Amurka a gasar duniya a birnin Prag, tare da masu horar da su da wasu daga cikin iyalansu. Maribel Vinson Owen na ciki, ita da 'ya'yanta mata biyu, waɗanda dukansu zakarun ƙasa ne a wannan shekarar. A rana ɗaya ƙasa guda ta rasa 'yan wasanta da malamansu, har aka soke gasar duniyar baki ɗaya. Abin da ya rage na ilimin Maribel shi ne abin da ta rubuta, da kuma abin da ke cikin kawunan ɗalibanta da ba su shiga jirgin ba. Carroll na ɗaya daga cikinsu.

Bai zama mai horarwa nan take ba. Ya ci gaba da yawon wasa har zuwa 1964, ya ɗan taɓa neman sa'a a harkar fim a Los Anjalis inda bai wuce fitowa a cikin taron 'yan bayan fage ba, kafin daga bisani ya koma ga abin da ya iya, ya soma koya wa yara. Har ƙarshen rayuwarsa kuwa bai gushe ba yana danganta abin da yake koyarwa ga malamar tasa.

Ɗalibarsa ta farko da ta yi suna ita ce Linda Fratianne, wadda ta zama zakarar duniya a 1977 da 1979. Da aka zo gasar Olamfik ta 1980 a Lake Placid, a cikin Amurka, mutanen ƙasar sun sa rai cewa zinaren nata ne. A wancan zamani akwai wani sashe na gasar da ake sa 'yan wasa su zana siffofi masu kama da lamba 8 a kan ƙanƙara da ƙarfen takalminsu, alƙalai su sunkuya su duba sawun. A wannan sashe ne Anett Pötzsch ta Jamus ta Gabas ta ba Fratianne rata, kuma duk da cewa Fratianne ta fi ta a sauran sassan, ba ta iya cike giɓin ba, sai ta ƙare da azurfa. Carroll ya daɗe yana ganin cewa siyasar yaƙin cacar baka tsakanin Gabas da Yamma ce ta shiga tsakanin alƙalan. Ko haka ne ko ba haka ba, abin da ya yi shi ne komawa fili ya ci gaba da koyarwa.

Sai kuma Michelle Kwan, wadda ta zo hannunsa tana yarinya ƙarama. Akwai wani labari nata da ya shahara wanda ke nuna irin tunanin mutumin. Tana da shekara 12, Carroll ya ga cewa ba ta isa shiga sahun manya ba tukuna, ya so ta ƙara shekara guda a cikin matasa. Da ya yi tafiya sai ta lallaɓa ta yi jarrabawar shiga sahun manyan, ta kuma ci. Ya dawo ya yi fushi ƙwarai, amma da yake aikin gama ya gama, sai ya zauna ya gyara ta yadda za ta iya zama a inda ta kai kanta. A ƙarƙashinsa ta zama zakarar duniya sau huɗu, a 1996 da 1998 da 2000 da 2001. Amma a gasar Olamfik ta 1998 a Nagano ta ƙasar Japan, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Tara Lipinski ta sha gabanta, Kwan ta samu azurfa. Karo na biyu ke nan zinare ya zo bakin ƙofar Carroll ya juya. Kamar hakan bai isa ba, a watan Oktoban 2001, saura wata huɗu a yi gasar Olamfik ta 2002, Kwan ta sanar da rabuwa da shi bayan kusan shekara goma suna tare. Ya bayyana cewa abin ya girgiza shi. A waccan gasa ta 2002 wani ɗalibin nasa, Timothy Goebel, ya ci tagulla, ita ma Kwan tagullar ta ci.

Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. A 2003 wani saurayi dogo mai suna Evan Lysacek ya zo wurinsa. Babu wanda ya taɓa cewa Lysacek ya fi takwarorinsa baiwa, abin da kowa ya shaida shi ne naci da jimirin atisaye. Ya zo na huɗu a Olamfik ta 2006, ya zama zakaran duniya a 2009. A watan Fabrairun 2010 a birnin Bankuba na Kanada ya kara da Evgeni Plushenko na Rasha, wanda ke riƙe da kambun, kuma gwani ne wajen tsalle mai juyi huɗu. Lysacek bai gwada wannan tsallen ba ko sau ɗaya. Abin da shi da malaminsa suka yi shi ne nazarin sabon tsarin ba da maki, wanda aka kawo bayan abin kunyar alƙalanci da ya faru a gasar 2002. A wannan tsari kowane motsi yana da makinsa, kuma a wancan zamani duk tsallen da aka yi a rabin ƙarshe na wasa, lokacin da gajiya ta kama mutum, akan ƙara masa kashi 10 cikin 100. Sai suka tura yawancin tsallensa zuwa rabin ƙarshe, suka kuma goge kowane juyi da kowane taku har ya zama babu inda alƙali zai rage. Lysacek ya tashi da maki 257.67, Plushenko kuma 256.36. Ratar ba ta kai maki ɗaya da rabi ba, amma ta isa ta kawo ƙarshen jiran shekara 30.

To, a nan ne nake son mai karatu ya tsaya mu yi tunani tare. Da a ce Lysacek ya ɗan yi tuntuɓe a wannan dare, ko kuwa Carroll ya rasu a 2009, shin da za mu ce malamin bai cika ba? Ilimin da yake da shi a safiyar ranar gasar shi ne dai wanda ya kwana da shi bayanta. Babu abin da lambar ta ƙara masa illa ta sa waɗanda ba su san darajarsa ba suka sani. Ra'ayina shi ne, lambar yabo tana auna abin da ya faru a dare ɗaya, alhali aikin malami yana bayyana ne a cikin abin da ya rage a jikin ɗalibi da zuciyarsa bayan an watse. Dubi Michelle Kwan. Ba ta taɓa cin zinaren Olamfik ba, amma ta yi sama da shekara goma tana cikin sahun gaba na duniya, ta ƙara zama zakarar duniya a 2003 bayan rabuwarsu, abin da ke nuna cewa ginin da aka yi mata ya iya tsayuwa ko babu magini. A 2005 ta zama zakarar Amurka karo na tara, ta kamo tarihin da Maribel Vinson Owen ta kafa, wato ɗalibar ɗalibi ta kamo malamar malaminta. Bayan ta bar wasa ta koma karatu har ta yi digiri na biyu, daga baya ta zama jakadiyar Amurka a ƙasar Beliz daga 2022 zuwa farkon 2025. A ganina wannan ya fi zinare nauyi a ma'aunin malunta.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan maganar masu rarrashin kai ce, domin ai gasa don a ci ake yin ta, kuma malamin da ɗalibansa ke kwashe lambobi shi ne malami. Ga mai wannan ra'ayi akwai misali a cikin wannan wasa da ya kamata ya duba. Idan lambobi ne ma'auni, to da wuya a samu wanda ya kai Eteri Tutberidze ta birnin Mosko a wannan zamani. Ɗalibarta Yulia Lipnitskaya ta ci zinaren ƙungiya a 2014 tana da shekara 15. A 2018 ɗalibanta biyu, Alina Zagitova da Evgenia Medvedeva, suka kwashe zinare da azurfa. A 2022 wasu biyun, Anna Shcherbakova da Alexandra Trusova, suka maimaita haka. Abin da Carroll ya yi shekara 30 yana nema sau ɗaya, ita ta same shi sau biyu a cikin shekara huɗu.

Amma yaya aka yi? Masana wasan sun san cewa yarinyar da ba ta gama girma ba, mai ƙaramin jiki mara nauyi, ta fi saurin juyawa a sama. Saboda haka idan aka matsa mata da atisaye mai tsanani tun tana ƙarama, aka kuma tsare nauyinta, za ta iya yin tsallen da babbar mace ba za ta iya ba. Sai dai da zarar jiki ya soma sauyawa, ko ƙashi da gaɓoɓi suka gaji, sai tsallen ya gudu, a lokacin kuma wata ƙanƙanuwar ta riga ta taso a bayanta. Lipnitskaya ta bar wasa a 2017 tana da shekara 19, bayan ta yi jinyar cutar ƙin cin abinci. Zagitova, wadda ta ci zinare tana da shekara 15, ta dakatar da shiga gasa tana da 17. Sannan ga abin da ya faru da Kamila Valieva a birnin Bejin a 2022. Yarinya ce 'yar shekara 15, ana tsakiyar gasa aka bayyana cewa an samu wani haramtaccen maganin zuciya a samfurin da aka ɗauka daga jikinta a watan Disambar 2021. Duniya ta yi mata ca, aka dai bar ta ta yi wasa, ta shiga fili ta yi ta faɗuwa, ta ƙare a ta huɗu. Da ta fito tana kuka, abin da na'urorin ɗaukar hoto suka nuna shi ne malamar tata tana tuhumarta dalilin da ya sa ta saki jiki ta daina fafutuka. Shugaban kwamitin Olamfik na duniya na lokacin, Thomas Bach, ya fito fili ya ce sanyin zuciyar da ya gani a wurin ya tayar masa da hankali. A watan Janairun 2024 kotun sasanta rikicin wasanni ta duniya ta dakatar da Valieva na shekara huɗu, aka soke sakamakonta. Adalci ne in faɗa cewa ba a kama malamar da laifin ba da maganin a hukumance ba. Amma yarinyar da aka ba ta amana ce ta ɗauki hukuncin ita kaɗai. Hukumar wasan ta duniya da kanta ta ga abin ya isa, a watan Yunin 2022 ta yanke shawarar ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, sannu a hankali.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka ina son in mai da Carroll waliyyi ne. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma ma'aunin da na kawo, idan aka ɗora shi a kai, shi ma akwai inda ya gaza. Christopher Bowman ya zo hannunsa yana ɗan shekara biyar, suka yi kimanin shekara 18 tare. Yaro ne mai baiwa ta ban mamaki, ya zama zakaran Amurka, amma shaye-shaye ya kama shi tun yana wasa. Suka rabu a 1990, kuma a 2008 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Los Anjalis yana da shekara 40. Ba na cewa laifin malamin ne, domin akwai ciwon da ya fi ƙarfin malami, amma ba za a ƙirga Kwan a bar Bowman ba. Wanda ya fi wannan zama abin zargi shi ne yadda ya rabu da Gracie Gold. Ita ma ta zama zakarar Amurka sau biyu a hannunsa, a 2014 da 2016. Da wasanta ya lalace, ta zo ta shida a gasar ƙasa ta 2017, sai ya shaida wa 'yan jarida cewa ya daina horar da ita, ita kuwa ta ce ta yi mamakin yadda manema labarai suka ji kafin a gaya mata. Kafin shekarar ta ƙare ta janye daga wasa don neman maganin ciwon damuwa da matsalar cin abinci. A ganina a nan dattijon ya yi kuskure babba: ya ga ɗaliba tana faɗuwa a fili, bai hango cewa faɗuwar daga ciki ta faro ba. Wannan kuwa ƙarin hujja ce ga abin da nake faɗa. Da lambobi ne ma'auni, da babu wanda zai ga laifinsa, tun da ya saki wadda ta daina ci ne. Sai da muka auna shi da abin da ya rage na ɗalibar sannan kuskuren ya fito.

Carroll ya yi ritaya a 2018 yana da shekara 80. A wannan shekarar ce kuma aka kashe ɗalibinsa Denis Ten, wanda ya ciwo wa ƙasar Kazakistan lambar tagulla a Olamfik ta 2014, a hannun wasu ɓarayin madubin mota a birnin Almati, yana da shekara 25. Mutumin da ya soma da rashin malamarsa ya ƙare da rashin ɗalibinsa. Tsakanin waɗannan rashe-rashe biyu akwai shekara 57, kuma mafi yawansu a tsaye ya yi su a bakin shinge cikin sanyi, yana sa yara su maimaita abu ɗaya har sai ya zauna.

Yanzu bari in dawo gida, domin ba don Amurkawa na yi wannan rubutu ba. Mu a nan ba baƙi ba ne ga auna malami da silsilarsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, kuma har gobe ba a ba da tarihin Shehu Usmanu ba tare da an ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru ba. A zauren karatu, idan aka ce wane malami ne, tambayar da ke biyo baya ita ce, a wurin wa ya yi karatu, su wa kuma ya yaye? Wannan shi ne ma'aunin da muka gada. Abin takaici shi ne yadda muka yar da shi muka ɗauki na lambobi. A yau makaranta kan rataya kyalle a bakin ƙofa ta jera sakamakon jarrabawar ɗalibanta, iyaye su yi ta tururuwa, babu mai tambayar ko yaran nan za su iya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya ba tare da an tsaya a kansu ba. Akwai iyayen da da kansu suke kai 'ya'yansu cibiyoyin da kowa ya san ana sayen sakamako a cikinsu. Akwai masu tsallakar da yaro aji biyu don a ce ɗansu ya shiga jami'a yana da shekara 15, ba tare da tunanin ko hankalinsa ya kai inda aka kai jikinsa ba. Ko a fagen ƙwallon ƙafa, Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma babbar ƙungiyarmu ba ta taɓa wuce zagaye na biyu ba a gasar cin kofin duniya ta manya. Mun iya girbin wuri, ba mu iya renon abin da zai kai kaka ba.

Haka abin yake a asibitoci da kotuna da ma'aikatunmu. Babban likita ko babban lauya ko darakta, da yawansu idan aka tambaye su abin da suka cim ma, sai su lissafa muƙamai da lambobin yabo da ke jere a bango. Kaɗan ne za su iya nuna mutum biyar su ce waɗannan ni na rene su, kuma ko yau na faɗi aiki ba zai tsaya ba. Wasu ma ɓoye abin da suka sani suke yi don kada na ƙasa ya kamo su. Da Maribel Vinson Owen irin wannan hali gare ta, da iliminta ya ƙone tare da jirgin nan a 1961, da babu Carroll, da kuma babu Kwan da Lysacek a yadda duniya ta san su.

Saboda haka kirana ga iyaye shi ne, kafin ka miƙa ɗanka ga makaranta ko ga malami, kada ka tsaya ga kyallen da ke bakin ƙofa. Nemi waɗanda suka fita daga hannunsa shekara goma da suka wuce ka ga yadda suka zama, ka kuma tambaya yadda yake yi da yaron da ya faɗi jarrabawa, domin a nan ake gane halin malami. Su kuma hukumomin ilimi da masu makarantu, ya kamata su daina ɗaure ƙarin girman malami da albashinsa ga sakamakon shekara ɗaya kaɗai, domin wanda aka ce da lamba za a auna shi, ko ta halin ƙaƙa sai ya samo lambar. Ga malamai 'yan'uwana kuwa, da duk wanda ke da wani a ƙarƙashinsa, ina tunatar da mu cewa sannu ba ta hana zuwa. Mai yiwuwa a yaba maka bayan shekara 30 kamar yadda aka yi wa Carroll, mai yiwuwa kuma har ka koma ga Mahaliccinka ba a yaba ba. Amma yaron da aka ba ka amana ce, kuma za a tambaye ka yadda ka mayar da shi.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amana.